Hukuncin Wasannin Harbi na Waya a Unguwannin Zango na Accra

Wasannin harbi na waya su ne waɗanda ɗan wasa ke riƙe bindiga cikin allo yana farautar abokan hamayya, sau da yawa yana kallon fili ta idon mayaƙin da yake sarrafawa. PUBG Mobile ya fito a 2018, Call of Duty: Mobile ya biyo baya a 2019. A Nima da Maamobi da Alajo an fi yin su a majalisar samari ta bakin titi: ataya na kan wuta, mutum huɗu sun haɗa kai kowa da wayarsa, datar kuma an saye ta da MoMo, wato kuɗin waya. Tambayar da iyaye da malaman makaranta ke yi ita ce ko wannan wasa ya halatta.

Fiƙihu bai fara tunani a kan wasa yau ba. Galibin Musulmin Zango Malikawa ne, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta hana wasan nardu da shaɗaranji. Imamu Shafi'i ya sassauta a kan shaɗaranji, ya ɗauke shi makaruhi muddin babu kuɗi a ciki kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Masu tsanantawa a yau suna kiyasi da Risala, masu sassautawa suna duba sharuɗɗan Shafi'i.

Batun kisa shi ya fi ɗaukar hankali, amma hujjarsa ba ta kai ƙarfin da ake zato ba. Babu ran da ya salwanta, don haka babu zancen ƙisasi ko diyya. Abin da ya rage shi ne ko sabo da harbin siffar mutum yana busar da zuciya. Majalisar malaman Aceh ta Indonesiya ta ga yana yi, ta haramta PUBG a 2019, shekarar da majalisar dokokin Iraƙi ma ta kaɗa ƙuri'ar hana shi. A 2020 kuma kamfanin PUBG ya cire wani ɓangare inda ɗan wasa ke rusuna wa gunki don samun ƙarfi, bayan Musulmi sun yi ca.

Salla kuwa maganarta gajeriya ce. Zagaye ɗaya na PUBG yana iya cin rabin sa'a, ba a dakatar da shi, kuma wanda ya fita ya bar abokansa a hannun maƙiya. Lokacin magariba ba ya jiran wannan. Babu mazhabar da ta yarda da wasan da ke fitar da salla daga lokacinta.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne kuɗi. Wasannin kyauta ake sauke su, ribar kamfani tana fitowa ne daga abin da ake saye a ciki, musamman akwatin sa'a. Mutum ya biya, akwati ya buɗe, wataƙila ya samu rigar yaƙi mai wuyar samu, wataƙila tarkace. Biyan sanannen kuɗi don abin da ba a sani ba shi ne garari a bakin malaman ciniki, kuma yana maƙwabtaka da cacar da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta hana. Masu kare akwatin suna cewa ba wanda ke fita hannu rabbana, kuma kayan ba su da daraja a wajen wasa. Hujjar tana raunana da zarar aka tuna cewa ana sayar da asusun wasa mai kaya masu tsada da kuɗi na gaske.

Dokar Turai ma ta yi tuntuɓe a daidai wannan wuri. A 2018 hukumar caca ta Holand ta binciki wasanni 10, ta ce akwatunan 4 daga ciki sun saɓa doka, saboda ana iya cinikin abin da aka samu. Beljiyam ta ɗauki akwatunan da ake biya a matsayin caca a wannan shekarar. A 2022 babbar kotun gudanarwa ta Holand ta soke tarar da aka ci kamfanin EA kan wasan FIFA, bisa dalilin cewa akwatin ɓangare ne na wasan gwaninta, ba caca mai zaman kanta ba. Fiƙihu ba ya bin wannan rabe-rabe, domin shi kowane ciniki yake dubawa a kan kansa, ko da an cusa shi cikin wasan da asalinsa halal ne.