Farashin Sa Da Darajar Mutum: Dalilin Zuwan Ɗan Adam Duniya A Mahangar Kirista

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ya ga yadda ake yanke wa rai kuɗi. Dillali zai dubi tozo da gaɓɓai da haƙora, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, har a kai ga sallamawa. Bijimi yana da farashinsa saboda nama ko huɗa, saniya kuwa saboda nono da haihuwa. Wato amfanin dabba shi ne dalilin kiwonta. To, shi mutumin da ke riƙe da igiyar fa, mene ne dalilin zamansa a duniya? Wannan maƙala za ta dubi amsar da addinin Kirista ya bayar, sannan ta gwada ta da abin da garin ya gani da idonsa.

Amsar Da Aka Bayar

Surar farko ta Littafin Farawa ta nuna cewa an halicci mutum, mace da namiji, cikin siffar Allah. Daga nan ne malaman Kirista suka fahimci cewa darajar mutum ta riga aikinsa zuwa, domin an ba shi ita tun bai tsinana komai ba. Agustin, bishop ɗin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya koyar da cewa ƙishin da ke zuciyar ɗan Adam shaida ne na cewa domin Mahaliccinsa aka yi shi, shi ya sa dukiya da mulki ba sa kashe wannan ƙishi. Haka kuma littafin tambaya da amsa na Westminster, wanda aka tsara a Ingila a 1647, da wannan tambaya ya buɗe, ya kuma rataya amsarta a kan girmama Allah da jin daɗin zumunci da shi. Shi kuwa Yesu Almasihu, a cikin Bishara, ya ɗaure wannan da igiya ta biyu, wato ƙaunar maƙwabci. Ke nan, mutum ya zo duniya ne domin ya san Allah, ya ƙaunace shi, ya kuma ƙaunaci ɗan'uwansa mutum.

Zakaran Gwajin Dafi

Magana irin wannan tana da daɗin faɗa a lokacin zaman lafiya, amma Potiskum ta ga ranakun da suka tsananta tambayar. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanun nan, mutane fiye da 30 suka rasu. A jajiberin Kirsimeti na wannan shekara aka kashe mutum 6, har da fasto, a wata majami'a da ke ƙauyen Peri kusa da garin. Ranar Litinin, 10 ga Nuwamba, 2014 kuwa, ɗan ƙunar baƙin wake ya saje da ɗalibai a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, yara fiye da 40 suka riga mu gidan gaskiya.

Bari mu tsaya a kan waɗannan yara. Ba su kai ga zama likitoci ko injiniyoyi ba, ba su yi aure ba, ba su rama wa iyaye ko kwabo ba. Idan da ma'aunin kasuwa za a auna su, sai a ce an yi asarar jari, a rufe littafi. Amma babu uwar da za ta yarda cewa abin da ta rasa jari ne. Mahangar Kirista tana bayan uwar nan: yaron da ya rayu shekara 15 bai zo a banza ba, domin dalilin zuwansa bai jira ranar karɓar takardar shaida ba. Yana cikin kowace safiya da ya gai da mahaifinsa, da kowace loma da ya raba da abokinsa.

Sannan akwai nauyin da amsar take ɗora wa mai ita. Waɗanda aka kashe a kasuwa da makaranta da majami'a ba addininsu ɗaya ba. Tun da siffar Allah tana kan kowane mutum, Kirista ba shi da izinin yin kukan mamatan Peri kaɗai ya tsallake na kasuwa. Misalin Basamariyen nan da ke cikin Bisharar Luka darasinsa ke nan, domin wanda ya tsaya ya taimaki mai rauni baƙo ne a gare shi ta fuskar ƙabila da ibada.

Ƙorafi Biyu

Mai karatu na iya cewa, ashe wannan ba zai sa mutum ya naɗe hannu yana jiran lahira ba? Amsa ita ce, sura ta biyu ta Farawa ta nuna an sa mutum a gona domin ya nome ta ya kiyaye ta. Saboda haka noma da kiwo da koyarwa duk hanyoyin cika wannan manufa ne, sai dai ba su ne ma'aunin darajarsa ba. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare da majinyacin da ke kwance ba su ragu da komai ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: in har Allah yana da nufi a kan mutum, don me ya bar yara suka mutu haka? A nan addinin bai yi da'awar warware komai ba. Ayuba ma da ya tambaya, ba a zayyana masa dalilin wahalarsa ba. Abin da Kirista yake riƙe da shi shi ne gicciye da tashin matattu, wato imanin cewa Almasihu ya ɗanɗani kisan zalunci, kuma kabari bai zama ƙarshen zance ba. Wannan bege ne, kuma bege ba ya hana hawaye zuba.

Kammalawa

Bahaushe na cewa duniya kasuwa ce, kowa ya ci tasa sai ya tafi. Gaskiya ne, amma a wannan kasuwa mutum mai ciniki ne, ba haja ba. Ranar da muka fara taya junanmu kamar yadda ake taya sa, muna tambayar me wane zai amfane mu da shi kafin mu ɗauke shi mutum, to mun soma bin hanyar da ta kai wani ga shiga tsakiyar yara da bam. Wanda ya yarda cewa domin Allah aka yi shi, dole ya yarda cewa domin Allah aka yi maƙwabcinsa.