Gajiyar Ƙafa da Tsarkin Zuciya: Tsokaci a Kan Ziyarar Ibada ta Mabiya Buda

Gabatarwa

A ƙasar Japan akwai wani tsibiri da ake kira Shikoku, wanda hanyar ziyarar ibada ta kewaye shi kamar zobe. Tsawon hanyar ya kai kimanin kilomita 1,200, kuma ta haɗa ɗakunan ibada 88 na mabiya addinin Buda. Wanda ya shiga mota yakan gama kewayen cikin kwana goma ko sama da haka kaɗan. Wanda kuwa ya taka da ƙafa sai ya shafe kwana arba'in zuwa sittin. A kowane ɗakin ibada ana buga wa maziyarci jan hatimi a littafinsa, kuma hatimin mai mota bai bambanta da na mai ƙafa ba ko kaɗan.

Wannan shi ne ya haifar da tambayar da wannan maƙala ke son dubawa: shin wahalar da mutum ya ɗora wa kansa da gangan, alhali ga hanya mai sauƙi, tana da wata daraja? Ko kuwa ɓata lokaci ne da aka lulluɓe da rigar ibada?

Asalin Al'adar

Littattafan mabiya Buda sun nuna cewa dab da rasuwarsa ya ambaci wurare huɗu da ya kamata masu bin tafarkinsa su ziyarta. Su ne Lumbini inda aka haife shi, wanda yanzu ke cikin ƙasar Nepal, da Bodh Gaya inda suka yi imani ya sami wayewar zuciya, da Sarnath inda ya yi wa'azinsa na farko, da Kushinagar inda ya rasu. Shi kansa ya shafe kimanin shekara 45 yana yawo da ƙafa daga gari zuwa gari a arewacin Indiya, ba ya zama wuri guda sai a watanni uku na damina.

Sarki Ashoka ya ziyarci Lumbini wajen shekara ta 249 kafin Miladiyya, ya kafa ginshiƙin dutse da har yau yake tsaye. Daga baya masu zuhudu na ƙasar Sin suka riƙa ratsa hamada da duwatsu zuwa Indiya. Faxian ya tashi a shekarar 399 yana dattijo. Xuanzang ya bar gida wajen shekarar 629, bai dawo ba sai 645, ɗauke da littattafai 657. Sai dai waɗannan bayin Allah ba su da zaɓi, domin a zamaninsu babu jirgin sama babu mota. Tambayarmu ta shafi mutumin yau ne, wanda mota ke wuce shi a kan titi yana ɗingishi.

Hujjar Masu Suka

Hujja mafi ƙarfi a kan mai tafiya da ƙafa daga cikin addinin nasa ta fito. Tarihin Buda ya nuna ya yi shekara shida yana azabtar da jikinsa da yunwa har ya rame ƙwarai, sannan ya gane cewa wannan bai kai shi ko'ina ba. Ya karɓi abinci, abokansa biyar suka guje shi suna ganin ya karaya. Abin da ya fara koyarwa a Sarnath shi ne tafarkin tsaka-tsaki: kada mutum ya dulmuya cikin jin daɗi, kada kuma ya gallaza wa kansa. Haka nan ya koyar da cewa niyya ita ce ainihin aiki. In haka ne, kumburin ƙafa ba kuɗi ba ne da za a sayi lada da shi.

Akwai kuma batun adalci. Idan da yawan gajiya ake auna daraja, ina makomar tsohuwar da gwiwarta ta ƙi, ko gurgu, ko ma'aikacin da hutunsa bai wuce mako guda ba? Kwana hamsin a hanya sai mai lafiya, mai guzuri, wanda ke da mai kula masa da gida. Ke nan abin da ake ɗauka ƙanƙan da kai ne zai iya zama gatan masu hali.

Hujja ta uku ita ce girman kai. Mutumin da ya iso ɗakin ibada jiƙe da gumi, ya dubi masu saukowa daga mota da ido na raini, ya yi asarar abin da ya fito nema. Ya bar gida don ya rage son kai, sai ga shi ya ƙaro wani.

Abin da Ƙafa ke Koyarwa

Duk waɗannan hujjoji gaskiya ne. Amma abin da suka rushe shi ne ɗaukar wahala a matsayin farashi. Ba su taɓa ɗaukarta a matsayin makaranta ba, kuma a nan ne al'adun Shikoku ke da abin cewa.

Na farko, tafiyar tana tuna wa mutum mutuwa. Maziyarcin yakan sa fararen tufafi, waɗanda a al'adance suke daidai da likkafani. Sandar da yake riƙewa a da ita ce ake kafawa a kan kabarinsa in ajali ya riske shi a hanya. Wanda ya yi sati shida cikin irin wannan shiga, da wuya ya ci gaba da ɗaukar ƙananan rigingimun duniya da zafin da ya saba.

Na biyu, tana koyar da ladabi ga abin da ido ba ya gani. Ana danganta hanyar da malamin nan Kukai, wanda ya rayu daga 774 zuwa 835, kuma ɗan tsibirin ne. A jikin sandar akwai rubutu mai nuna cewa su biyu ke tafiya, wato maziyarcin da malamin. Saboda haka in ya sauka masauki sai ya fara wanke gindin sandar kafin ya wanke ƙafarsa. Ba ya kuma buga ta a kan gada, domin an ce malamin ya taɓa kwana a ƙarƙashin gada. Ko mutum bai yarda da labarin ba, zai ga hikimar: ana horar da shi ya gabatar da wani a kan kansa a lokacin da ya fi gajiya.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, tana mai da mutum mabukaci. Mutanen tsibirin na da al'adar da suke kira osettai: su tare maziyarci su ba shi lemo, ko shayi, ko ɗan kuɗi, ko wurin kwana. Ladabin hanya bai yarda ya ƙi karɓa ba, ko da attajiri ne. Bayarwa tana da daɗi, domin hannun mai bayarwa ne a sama. Karɓa daga hannun talakan da ka fi shi dukiya ita ce mai wuya, kuma mai mota ba kasafai yake gamuwa da wannan jarrabawa ba.

Darasi Daga Kambodiya

Akwai wani misali da ke fitar da batun daga kan mutum ɗaya. A shekarar 1992, bayan kisan gillar mulkin Khmer Rouge da yaƙin basasa, babban malamin zuhudu Maha Ghosananda ya jagoranci tafiya da ƙafa daga iyakar Tailan zuwa birnin Phnom Penh, tare da 'yan gudun hijira masu komawa gida. Sun ratsa yankunan da aka binne nakiyoyi. Mutanen ƙauyuka suka riƙa fitowa bakin hanya da bokitan ruwa domin a sa musu albarka, wasu ma suka gano 'yan'uwansu da suka daɗe da fid da rai da su. An maimaita tafiyar a shekarun da suka biyo baya, kuma a ta 1994 an kashe mutum biyu daga cikin masu zuhudu lokacin da aka yi musayar wuta.

Da a mota aka yi wannan tafiya, da ƙura kawai mutanen ƙauye za su gani. Masu iya magana sun ce zuwa da kai ya fi aike. Mai tafiya a ƙasa ana iya tsayar da shi, a gaishe shi, a kai masa kuka, ana kuma iya harbinsa. Yarda da wannan kasada ita ce ta sa jama'ar da tsoro ya cika suka gaskata saƙon zaman lafiyar da ya kawo.

Kammalawa

Abin da ya bayyana shi ne gajiya ita kaɗai ba ta tsarkake kowa, in ba haka ba da jaki ya fi kowa tsarki. Darajar tafiyar tana ga abin da ta bari a halin mutum: haƙuri, da iya karɓa ba tare da jin kunya ba, da sassauci ga wanda bai iya takawa ba. Tsohuwar da ta zo a mota da zuciya ɗaya ba ta rasa komai ba. Saurayin da ya taka kilomita 1,200 ya dawo yana alfahari kuwa, takalmansa kawai ya cinye.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu sun yi shekaru a hanyar gabas, ta Chadi da Sudan, kafin jirgin sama ya mai da tafiyar ta 'yan sa'o'i, kuma zuriyar waɗanda suka tsaya a hanya na nan a Sudan har yau. Addinan sun bambanta, manufofin ma sun bambanta, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma wahalar da. Amma yana da kyau wanda sauƙi ya samu ya tambayi kansa: haƙuri da tawali'un da doguwar hanya ta koya wa na da, a ina ni zan koye su?