Jar danja da haƙƙin mai jira

Wanda ya tsallake jar danja, ba ɗan sanda a wurin, bai kuma buge kowa ba, ya yi zunubi? Wannan gardama ba ta ƙarewa a majalisarmu ta bayan Isha'i a nan Agoe-Zongo, arewacin Lome. Yaranmu 'yan zemijan, masu haya da mashin, suna da hujja biyu. Ta farko, wai doka ce ta gwamnati, ba aya ba hadisi. Ta biyu, wai in kwana bai ƙare ba, ko tirela ba ta kashe mutum.

Ta biyun ba ta da nauyi. Mai faɗarta da kansa yana duba burki kafin ya fita, kuma kowa ya san Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Ta farkon ce ke son a zauna mata. Gaskiya ne danja ba daga littafin fiƙihu ta fito ba. A Landan aka fara kafa ta a 1868, gaban majalisar dokoki, da fitilar gas, ba ta daɗe ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan da ke juya ta rauni. Mai wutar lantarki sai a 1914, a Amurka. Amma mu Malikiyya mun san babin maslaha: abin da nassi bai ambata ba, in yana tsare rai da dukiya, shari'a tana karɓarsa.

Ni ma ba nan hujjata ta fi ƙarfi ba. Tun da aka rushe tsohon Zongo a tsakiyar Lome a 1977 aka dawo da mu nan arewa, kasuwar Asigame da iyayenmu ke zuwa a ƙafa ta koma tafiyar mota, kullum muna kan titi. Ka tsaya a mahaɗar GTA da safe ka kalla. Mutane daga kowace kusurwa suna neman ɗan fili guda, ba ya rabuwa da igiyar awo, sai aka raba shi da lokaci: ku yanzu, su an jima. Daƙiƙun da ka fizge lokacin da ja ta kama ka ba na gwamnati ba ne. Na matar nan ne mai goyo da kwano a ka, wadda ta ga an tsayar da ku ta sa ƙafa a kwalta. Rabonta ka ci. Haƙƙin bawa kuwa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai mai shi ya yafe, kai kuma ba za ka sake ganinta ba balle ka roƙe ta.

Juyawa hagu ta fi koya mini abu. A Togo hannun dama ake bi, don haka mai zuwa hagu dole ya ratsa gaban masu tahowa. Kore ta kama masa, ta kama musu. An ba shi izinin shiga, amma sai ya tsaya a tsakiya, mashin na rawa a ƙarƙashinsa, na baya suna ta hon, har hanya ta buɗe. Sai in kibiya ce kore ta kama, alamar an riƙe masa su. Da yawanmu, har a ciniki da aure, da an ce abu halal ne sai mu ɗauka an share mana hanya. Halaccin abu bai kawar da wanda ke tahowa daga ɗaya ɓangaren ba.

Wani zai ce, to ƙarfe biyun dare fa, titi fayau? Mai mashin da fitilarsa ta mutu shi ma haka ya gani. Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, har azumin wata biyu a jere. In kuskure zalla yana da wannan nauyi, ina ga wanda ya ga ja da idonsa ya ƙara wuta?

A wurina zunubi ne, ko an gani ko ba a gani ba. Limamanmu na Zongo, don Allah ku faɗe shi a huɗubar Juma'a, lokacin da mashinan yaran nan ke jere a ƙofar masallaci.