Tsarki Da Lafiyar Cikin Ƴaƴanmu: Nasiha Ga Jama'ar Tagriss

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) wanda Ya saukar da ruwa daga sama, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Tagriss da kewaye, a gundumar Dakoro ta jihar Maradi, muna kira gare ku a kan wata amana da ke wuyanmu, wato lafiyar cikin yaranmu na lakwal da na makarantar allo. Sau nawa muke ganin yaro yana fama da kumburin ciki da zawo mai wari, ko atini mai jini da majina, yana ramewa, allonsa ya gagare shi, sai mu ce haƙori ne, ko sanyi, ko kuwa baki?

Masana kiwon lafiya sun bayyana cewa sau da yawa sanadin wannan wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma ba tsutsar ciki ba ne. Akwai Jiyardiya, wadda wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya fara hangowa a 1681. Akwai Amiba mai kawo atini. Akwai kuma Kiriftosforidiyam, wadda ake samu har a kashin maruƙa. An ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa mutum 20 zuwa 30 cikin 100 na ɗauke da Jiyardiya, yara ne kuma suka fi yawa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2013, wanda ya haɗa da Mali da Gambiya, ya sanya Kiriftosforidiyam cikin manyan sabubba huɗu na zawo mai tsanani ga ƙananan yara.

Hanyarsu guda ce: suna fita cikin bayan gida, su koma ta baki. Idan aka yi ba-haya a fili, ruwan damina ya kwashe shi zuwa tabki, ko igiyar guga ta ja shi cikin rijiya, ko ƙuda ya kai shi bisa fura. Ƙwayar tana iya yin makonni a ruwa mai sanyi ba ta mutu ba, guda goma kacal na iya kwantar da yaro. Rahoton UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan kashi biyu bisa uku na mutanen Nijar a fili suke kewayawa.

To, ina wanda ya riga Musulunci gargaɗi a kan haka? Abu Dawuda ya ruwaito hanin Annabi (SAW) ga yin bayan gida a mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, domin suna jawo tsinuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito umurnin wanke hannu kafin wanda ya tashi daga barci ya tsoma shi cikin ƙwarya, da umurnin rufe kwanoni da ɗaure bakin salka da dare.

Sai dai mu lura da wata mas'ala. Mun karanta a Ishmawi da Risala cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukuncin ibada ne. Ruwa na iya zama mai tsarkakewa, garau a ido, alhali yana ɗauke da cuta ga mai sha.

Saboda haka muna yi wa kanmu da ku wasiyya da abubuwa biyar. Na ɗaya, kowane magidanci ya haƙa salga, a riƙa zuba kashin yara a ciki. Na biyu, a wanke hannu da sabulu ko toka bayan tsarki da kafin cin abinci, domin ruwan buta kaɗai bai wadatar ba. Na uku, a tafasa ruwan shan yara, domin wasu ƙwayoyin ba sa jin maganin da ake jefawa a ruwa. A rufe randa, a keɓe mata moɗa. Na huɗu, a raba mashayar dabbobi da bakin rijiya. Na biyar, yaron da ke zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a gaggauta kai shi gidan likita, musamman in an ga jini. Maganin tsutsa da ake rabawa a makarantu bai isa ya kawar da waɗannan ba, a kuma guji sayen ƙwayoyi a bisa tire.

Ya ku malaman allo da shugabannin makarantu, yaran da ke gabanku kiwo ne da za a tambaye ku a kansa ranar gobe. Neman magani da rigakafi ba su kore tawakkali ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuriyarmu bisa imani da ƙoshin lafiya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.