Magini Da Mai Duban Gada: Wa Ya Fi Cancantar Godiya?

Kowa ya san Dayi mahaɗar hanyoyi ce. Wadda ta taso daga Funtuwa ta ratsa Bakori da Malumfashi, nan ta ke gamuwa da wadda ta fito daga Kano ta Gwarzo. Da kaka motoci kan yi ta wucewa dare da rana, sun sha lodin masara da dawa da auduga, kuma kafin buhu guda ya kai kasuwa sai ya ƙetare kadarko da kwalbatoci ba iyaka. Direba ba ya tsayawa ya leƙa ƙarƙashinsu, ya amince wani ya leƙa. To, abin da mu ke so 'yan makaranta su juya shi ne, tsakanin wanda ya gina gada da wanda ya ke dubanta shekara shekara, wa ya fi cancantar godiya?

Galibinku za ku ce magini, kuna kuwa da hujja. In babu shi, me za a duba? Ran buɗe gada a kan yi taro da kiɗe-kiɗe, a kafa allo da sunan wanda ya sa aka yi. Amma ku lura da yadda gada ke mutuwa. Ba safai ta kan faɗi don nauyin mota ɗaya ba. Ruwan Agusta ne ke kewaya ƙafarta, yana kwashe yashin da ta ke tsaye a kai kaɗan kaɗan, samanta kuwa sumul. Ko kuwa karan dawa da shara su toshe bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya, ya hau bisa ya yanke ƙasar gefe. Ko 'yar tsaga ta buɗe a siminti, laima ta kai ga rodi, tsatsa ta kumbura shi, ya fasa simintin daga ciki. Duk ana ganinsu da rani, in mutum ya yarda ya sauka cikin rafi ya sunkuya, kuma da yawansu shebur da 'yan buhunan siminti sun ishe su magani.

Har manyan ƙasashe ma sai da suka ji jiki kāna suka gane. A Amurka, cikin Disamba 1967, wata gadar ƙarfe a kan kogin Ohayo ta rufta da motoci, mutum 46 suka halaka. Da aka bincika, ashe tsagar da ta jawo haka ba ta kai ƙwayar dawa zurfi ba, tana kuwa wani lungu inda ido ba ya kaiwa. Daga nan ne, a 1971, suka kafa ƙa'idar duban gadojin manyan hanyoyinsu kowace shekara biyu.

Wahalar mai dubawa ita ce aikinsa ba ya barin shaida. In ya yi daidai, ba abin da zai faru, ba a kuwa yi wa mutum kirari don abin da bai faru ba. In ya zauna inuwa ya rubuta “lafiya lau” a takarda, watakila a shekara goma ba wanda ya gane. Magini idon jama'a na kansa. Shi kuwa wannan, ba mai tsaronsa sai zuciyarsa, ga rayukan mutanen da bai taɓa gani ba a hannunsa. Sabo da haka mu dai a ganinmu tasa amanar ta fi nauyi, godiyarsa kuma ta fi wajaba. Wani zai ce ai albashi a ke biyansa. Gaskiya ne, amma shi ma magini ba kyauta ya yi ba.

Sauran magana, gadar ta wace ce? A zamanin En'e akwai leburorin hanya da helumansu, kowace ƙungiya da rabonta. Tun gyaran 1976 hanyoyin ƙauye suka zama nauyin ƙaramar hukuma, manyan hanyoyin Tarayya kuma aka kafa musu hukumar gyara, watau FERMA, a 2002. Amma injiniya ba ya kwana gindin kowane kadarko. Yaron da ke ƙetare shi sau biyu kullum, zuwa makaranta da komowa, ya fi kowa ganinsa. In ya ga ruwa ya fara rarake ƙafarsa, ya faɗa wa malaminsa, malam ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, tun kafin ruwan shuka ya sauka.