Yatsan Malami a Zanen Ɗalibi

Allin zane, wanda ake kira fastel, garin launi ne da aka ɗaure da ɗan ƙaro. A kan takarda ake cuɗa launukansa da yatsa, shi ya sa duk wanda ya taɓa sai ya bar alamarsa. Wannan ya jawo tambaya ga masu koyar da zane a makarantunmu na Lafiya: idan ɗalibi ya kauce wa tsarin da aka koya masa, shin ya dace malami ya sa yatsa ya gyara?

Wasu na ganin ƙyale shi cin amana ne, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To amma ba kowace kaucewa ce kuskure ba. A 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya don gwama fasahar gargajiya da salon Turawa da ake koya musu, kuma daga baya suka zama jigogin zanen zamani a Nijeriya.

Don haka wajibin malami ya nuna gyara a tasa takardar, ya bayyana dalili, sannan ya bar wa ɗalibi zaɓi.