Makiyayin Da Ya Zauna Da Garke: Tunani A Kan Hidimar Fastocinmu A Kudancin Kaduna

Karatu: Ayyukan Manzanni 20:17-38



Sa'ad da Manzo Bulus yake kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, ya yada zango a Militus, ya aika a kira masa dattawan ikkilisiyar Afisa. Ya riga ya sani ba za su ƙara ganin fuskarsa ba. Shekara uku ya yi a cikinsu, ga shi kuma lokaci ya yi da zai ba da lissafin aikinsa. Abin da ya fi jan hankalina a wannan nassi shi ne irin lissafin da ya bayar. Bai ƙidaya musu ikkilisiyoyin da ya kafa ba, ko da yake suna da yawa. Su kansu ya kira su zama shaidu a kan zaman da ya yi da su tun daga ranar farko. Ya tuna musu hawayensa, da koyarwar da ya yi a fili da kuma gida gida, da yadda ya yi aiki da hannunsa domin ya ci da kansa da abokan tafiyarsa. Da ya gama suka durƙusa suka yi addu'a, suka yi ta kuka, suka raka shi har bakin jirgi.

Da wannan mudu nake so mu auna hidimar fastocinmu na Baptis a Kafanchan da ƙasar Kudancin Kaduna, mu kuma auna kanmu, mu da muke zaune a kan benci.

Bari mu tuna inda muka fito. Thomas Jefferson Bowen, ɗan mishan na Baptis daga Amurka, ya sauka a Badagry a shekarar 1850. A shekarar 1914 ikkilisiyoyin Baptis suka haɗa kai a Ibadan, ƙungiyar da a 1919 ta zama Babban Taron Baptis na Nijeriya. Zuwanmu Arewa kuwa, hanyar jirgin ƙasa muka biyo. 'Yan kasuwa da ma'aikatan reluwe, yawancinsu Yarabawa, su ne suka riƙa taruwa domin sujada a duk garin da aiki ya kai su, a Zariya da Kaduna da Minna da Jos. Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, a 1927 kuma aka haɗa ta da Jos, sai baƙi suka cika gari, suka zo da bangaskiyarsu tare da kayansu. Gaskiya ce mishan ta SIM, wadda ECWA ta fito daga cikinta, ta yi babban aiki a Kwoi da Kagoro, ba kuwa za mu rage mata ladanta ba. Amma a hankali bisharar da aka fara yi da Yarabanci a bakin tasha ta shiga ƙauyukan Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Adara da Gbagyi da sauransu. Abu biyu suka taimaka ƙwarai. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, sa'an nan a 1948 aka buɗe makarantar horar da fastoci ta Baptis a Kaduna, wadda iyayenmu suka fi sani da makarantar Kawo, wadda a yau ta zama makarantar tauhidi.

Su wane ne suka ɗauki wannan aiki daga tasha zuwa ƙauye? Masu bishara ne waɗanda karatunsu na boko bai yi nisa ba. Da safe suna gona, da rana suna koya wa yara karatu a gindin itace, da yamma su hau keke, wanda ba shi da keke ya taka da ƙafa, su je ƙauye na gaba. Da damina sukan tuɓe riga su ɗora Littafi a ka su haye rafi. Fasto shi ne malamin makaranta, shi ne mai karanta wa jama'a wasiƙa, shi ne mai sasanta miji da mata. In an yi rasuwa da tsakar dare ƙofarsa ake fara bugawa. Irin zaman da Bulus ya yi a Afisa ke nan, ko da yake da yawa cikinsu ba su taɓa jin kalmar tauhidi ba.

A yau hanyar ta fi tsari. Saurayi ya ji kira, ikkilisiyarsa ta shaide shi, ya tafi Kawo ko kuwa Ogbomosho, inda aka kafa makarantarmu ta tauhidi a 1898, ya gama, wata ikkilisiya ta kira shi, bayan an gwada shi kuma a ɗora masa hannu a keɓe shi. Wannan duka daidai ne, muna kuwa gode wa Allah domin fastocinmu masu digiri. Sai dai akwai abu ɗaya a tsarinmu na Baptis da ya kamata mu dube shi da idon basira. Ba mu da bishop da zai ɗauki fasto daga nan ya kai shi can. Kowace ikkilisiya tana da 'yancin kanta, ita take kiran fastonta, ita take biyansa. Wannan gādo ne mai daraja, ba na kuwa so a taɓa shi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ikkilisiyar birni, mai ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, tana iya ba fastonta gida da mota. Ikkilisiyar ƙauye tana jiran kaka. A shekarar 2023, da cuta ta faɗa wa citta a ƙasar Kachia da Jaba da Kagarko, manoma suka yi asarar da ba su taɓa gani ba, duk wanda ya san ƙasar nan kuwa ya san in citta ta ruɓe a gona, baiko ma ya ragu a majami'a. Faston da horonsu ɗaya da na birni, aji ɗaya suka zauna, sai ya yi watanni yana jiran ɗan abin da aka yi masa alkawari.

To, me zai hana matashin fasto ya ɗauki ƙauye kamar tashar mota, inda ake jira kafin a sami kujera zuwa Kaduna ko Abuja? Ina faɗar wannan da tausayi, domin na san kuɗin makarantar yara ba ya jiran kaka. Duk da haka, ya ɗan'uwana mai hidima, garken da ya ga idonka yana kan hanya ba zai buɗe maka zuciyarsa ba. Tsohuwar da ta binne 'ya'yanta ba za ta faɗa wa baƙo abin da yake cinta ba. Sai ka sha kunu a gidanta, ka yi noma kusa da gonarta, ka koyi gaisuwa da harshenta, kafin ta yarda kai makiyayinta ne. Wannan ba ya samuwa cikin shekara ɗaya.

Bulus ya gargaɗi dattawan Afisa cewa kyarketai za su shigo bayan tafiyarsa. Yana magana ne a kan masu koyarwar ƙarya, su ma kuwa ba mu rasa su ba, masu sayar da mai da ruwa da sunan annabci. Amma mu a ƙasar nan mun ga haɗari na zahiri. Dattawa suna tuna watan Maris na 1987, da rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa, aka ƙone majami'u masu yawa. Muna tuna Zangon Kataf a 1992, da abin da ya biyo bayan zaɓen 2011 a Kafanchan da Zonkwa, inda Kirista da Musulmi duka suka binne nasu. Daga baya masu satar mutane suka zo. Ran 5 ga Yuli, 2021, aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptis da ke Damishi a ƙaramar hukumar Chikun. An sako 28 na farko ran 25 ga watan, sauran suka riƙa dawowa kaɗan kaɗan, na ƙarshe bai dawo gida ba sai a 2023. Ran 31 ga Oktoba na 2021 aka shiga majami'ar Emmanuel Baptis a Kakau Daji ana cikin sujada, aka tafi da mutane. Ran 19 ga Yuni, 2022, aka kai hari a ƙauyen Rubu na ƙasar Kajuru, a majami'ar Maranatha Baptis da ta Katolika da ke can.

A waɗannan kwanaki mun ga amfanin shugabanni. Rabaran Dakta Israel Akanji, wanda a shekarar 2021 ɗin ya gaji Rabaran Dakta Samson Ayokunle a shugabancin Babban Taron Baptis na Nijeriya, ya tsaya tare da iyayen yaran Bethel. Rabaran Joseph John Hayab, faston Baptis wanda a lokacin yake shugaban ƙungiyar CAN ta Jihar Kaduna, bai bar maganar ta mutu ba a gaban hukuma da 'yan jarida. Muna gode wa Allah dominsu. Sai dai bayan 'yan jarida sun kwashe kayansu, akwai wanda ya rage. Shi ne faston ƙauyen da zai hau bagade ran Lahadi mai zuwa, ya dubi bencin da babu kowa a kai, ya dubi uwar da ta sayar da gonarta domin kuɗin fansa, ya buɗe baki ya yi wa'azi. Wane darasi ne a makaranta ya shirya shi domin wannan safiya?

A Yahaya sura 10 Ubangijinmu ya bambanta makiyayi na gaske da ɗan ƙodago, wanda yake gudu in ya hango haɗari domin tumakin ba nasa ba ne. Na ji ana jifan fastoci da wannan nassi, ina kuwa roƙo mu yi hattara. Bulus kansa, a Dimashƙu, cikin kwando aka zura shi ta bayan garu da dare ya tsira (Ayyukan Manzanni 9:25). Faston da ya kai matarsa da 'ya'yansa Kafanchan ko Kachia domin su kwana lafiya bai yi zunubi ba. In ƙauye ya watse, garken yana sansanin gudun hijira ko a gidajen dangi, makiyayi ya bi su can, domin ikkilisiya mutane ce. Ɗan ƙodago shi ne wanda ya kashe wayarsa ya manta da su. Wanda kuma yake zaune a gida mai katanga a birni, kada ya yi saurin yanke wa wanda yake kwana a daji hukunci.

Yanzu na juyo gare mu, 'yan ikkilisiya. Bulus ya yi aiki da hannunsa, amma shi ne kuma ya koya wa Korantiyawa cewa mai aikin bishara yana da hakkin ci daga aikinsa (1 Korantiyawa 9), ya kuma umarci Timoti a girmama dattawan da suke fama da wa'azi da koyarwa (1 Timoti 5:17-18). Kada mu fake da sadaukarwar fasto mu ɓoye rowarmu. Na taɓa ziyartar wani dattijon fasto da ya yi ritaya bayan hidimar fiye da shekara talatin. Duk rayuwarsa a gidan ikkilisiya ya zauna, ranar da aka yi masa bikin sallama da waƙoƙi da atamfa iri ɗaya, ranar ce ya zama marar gida. Na same shi a ɗaki ɗaya a gidan ƙanensa, littattafansa a cikin buhu. Bai yi gunaguni ba, sai tambayata yake yi labarin mutanen da ya yi wa baftisma, yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya. Mama kuwa, wadda ta bi da zumuntar mata shekara da shekaru ba tare da ko kwabo ba, tana soya ƙosai a bakin hanya. Na dawo gida da kunya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yancin ikkilisiya bai hana babbar majami'a a Kafanchan ko Kaduna ta ɗauki albashin faston ƙauye ɗaya ba, har shekara uku ko biyar, a rubuce, ta hannun asosiyeshan, domin kada abin ya zama na ganin dama. Yawancin masu ba da zakka mai kauri a birni, a waɗannan ƙauyuka aka yi musu baftisma a rafi. Bai kuma hana kowace ikkilisiya ta fara tanadin fili da bulo domin fastonta tun yana da ƙarfi ba.

Akwai kuma maganar da ba mu cika son ji ba. In kwamitin neman fasto ya zauna, sau nawa tambayar farko takan zama, ɗan wace ƙabila ne? Da Yarabawan reluwe sun riƙe bishara a cikin harshensu da danginsu kaɗai, da ba mu ji ta ba. Haka kuma faston da lokacinsa ya cika, ya koyi sallama daga wurin Bulus, wanda ya danƙa dattawan ga Allah ya shiga jirgi. Musa ya ɗora wa Joshuwa hannu tun yana da rai. Tsohon faston da ya koma gefe yana zuga 'yan ikkilisiya a kan magajinsa yana rushe ginin da shi kansa ya yi.

Ina roƙon sakataren kowace ikkilisiya ya yi wani aiki kafin fitowa ta gaba ta wannan mujalla. Ya ɗauki littafi da biro, ya zauna da tsofaffin zumuntar mata da dattawan da suka rage, ya rubuta sunan kowane mai bishara da fasto da ya taɓa hidima a wurin tun daga na farko, da shekarun da ya yi, da sunan matarsa. A bincika wane ne yake da rai, ina yake zaune, wa yake kula da shi. In ya rasu, a nemi gwauruwarsa. A karanta sunayen a gaban jama'a ran Lahadi, sa'an nan a aika da kwafi ɗaya ofishin asosiyeshan domin a adana.